Likita ya ce kemo ya daina aiki: ku da kuka taɓa tsayawa a nan, yaya kuka yi?

Autar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu shekararsa 71, kansar hanji yake fama da ita shekara biyu ke nan. An yi masa tiyata, aka bi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na wata 6, muka ɗauka an rabu da ita. Ba a rufa shekara ba hoto ya nuna ta ɓulla a hanta. Aka koma kemo, da na farko ya gaza aka canza wani. Makon jiya likita ya kira ni da Yaya babba, ya ce ƙarin ya ci gaba da girma, har ya taɓa huhu. Ya ce akwai magani na uku da za a iya gwadawa, amma kada mu sa ran warkewa, in an dace ya ƙara masa makonni ko 'yan watanni. Ko kuma a tsayar da kemon, a mayar da hankali kan rage masa ciwo.

Yaya ya ce muddin akwai sauran magani ba za mu naɗe hannu ba. Ni kuwa ni ke kwana da Baba. Ni ke riƙe masa kwano in yana amai, ni na san bakinsa ya yi gyambo har ruwa yana yi masa zafi. Kuma Baba bai san abin da likita ya faɗa ba, Yaya ya hana a gaya masa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya gaya mini abin da ya yi da abin da ya gani daga baya.

Mijin marigayiya

Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba sauƙi. Ni ne irin Yayanku a gidana. Matata kansar mama ce ta ɗauke ta. Duk lokacin da likita ya ce akwai wani magani, ni ke fara cewa a yi. An sa mata na ƙarshe saura kwana 12 ta rasu. Ya karya mata fararen ƙwayoyin jini, zazzaɓi ya shiga, ta cika a gadon asibiti da robobi a hannu, alhali ta sha gaya mini tana son ɗakinta.

Bayan rasuwarta ƙanwarta ta shaida mini cewa marigayiyar ta ce mata ita ta gaji tun watanni uku baya, tana daurewa ne don kada in ga kamar ta bar ni da yara. Ashe tana sha don ni, ni kuma ina kai ta don ita, ba wanda ya tambayi wani. Shekara huɗu ke nan, har yau wannan ne ke tashina da dare.

Mai jinyar kanta

Ku yi haƙuri, ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, don ni ce maras lafiyar. Kansar huhu gare ni, kuma an taɓa gaya wa mijina ya fara shiri. Sai wani likita na biyu ya sa aka sake gwada tsokar da aka yanka tun farko, aka ga irin tawa tana jin maganin nan mai zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin da kanta. Shekara uku ke nan ina nan, ni ke kai yarana makaranta. Ya taɓa mini maƙoƙo, yanzu kullum da safe sai na sha ƙwaya ɗaya saboda haka, amma ina raye.

Irin wannan maganin aka ba Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, a 2015, yana da shekara 90, kansar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Ya kai shekara 100 kafin ya rasu a Disambar 2024. Ba ina cewa Baba zai zama haka ba. A kansar hanji da ta bazu, kusan mutum 4 ko 5 cikin 100 ne ƙarinsu ke da alamar da ake kira MSI mai yawa, su ne maganin ke yi wa aiki sosai. Amma Auta, ki tambayi likita ko an yi wannan gwajin. In an yi ba a samu ba, kin san ƙofar a rufe take, hankalinki ya kwanta. Kuma da mijina ya ɓoye mini halin da nake ciki, da ban matsa a je wurin likita na biyu ba.

Inna nas mai ritaya

'Yata, abin da ya fi damuna a maganarki shi ne yadda kuka ɗauki abin, wai ko magani ko a zuba masa ido. Shekara 28 na yi ina aikin jinya, 11 daga ciki a ɗakin masu kansa, ban taɓa ganin ranar da babu abin yi ba. Ciwo ana kashe shi. Amai ana tsayar da shi. Ruwan da ya taru a ciki ana zuƙe shi mutum ya samu ya yi numfashi. Ƙashin da ƙari ya ci ana gasa shi da hasken na'ura, wani lokaci zama ɗaya tak, ciwon ya lafa. Duk wannan magani ne, kuma yana da likitocinsa na musamman.

A 2010 likita Jennifer Temel da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun raba masu kansar huhu da ta bazu su 151 gida biyu. Kashi ɗaya aka bar su da maganin kansa kamar yadda aka saba, ɗaya kashin aka haɗa su da masu kula da raɗaɗi tun daga farko. Na biyun suka fi samun sauƙin rayuwa, baƙin ciki ya ragu musu, ba a cika yi musu jinya mai tsanani a kwanakin ƙarshe ba, kuma suka fi daɗewa, rabinsu sun kai wata 11.6 a raye, a ɗayan kashin kuwa wata 8.9. Ba kowane binciken da ya biyo baya ne ya ga ƙarin kwana ba, amma sauƙin rayuwar ya yi ta maimaituwa. Shi kansa Carter da 'yar uwa ta ambata, a Fabrairun 2023 ya zaɓi a daina kai shi asibiti a kula da shi a gida, ya ƙara kusan shekara biyu.

Ga ma'aunin da muke dubawa. A cikin sa'o'in da Baba yake farke, nawa yake yi a kwance? In ya wuce rabi, yawanci kemo ya fi cutar da mutum fiye da amfanarsa, jikin ba shi da ƙarfin ɗauka. In kuwa yana tashi, yana wanka da kansa, yana zagaya gida, to maganar Yayanki tana da wurin zama.

Sai mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe ciwo, don na san za a zo kansa. Dangi da yawa sun riƙe mini hannu suna cewa kada in ba da, wai allurar sallama ce. Abin da ya sa suke ganin haka, ana jinkirta shi ne har sai mutum yana gargara, sai a ba shi, ya rasu, a ce maganin ne. Na ga mutanen da suka yi watanni suna shan sa suna hira da jikokinsu. Ana farawa da kaɗan, ta baki, duk bayan awa 4, a kan lokaci, ba a jira sai ciwon ya dawo. Wannan ka'idar Cicely Saunders ta yaɗa ta, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin tsarinta na maganin ciwon kansa a 1986. Zai yi ta gyangyaɗi kwana biyu ko uku, sannan ya ware. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka ranar da aka fara mofin, ranar a fara maganin sassauta ciki.

Babban wa

Ina so a yi wa Yayan nan adalci. Mahaifiyarmu ba mu gaya mata ba, kuma ban yi nadama ba. Tun ranar da aka yanki tsoka za a gwada ta ce mini, duk abin da aka gani ka riƙe a wurinka, ni dai ku ba ni magani. Sau biyu likita ya so ya yi mata bayani, ta juya fuska ta ce ku yi da ɗana. Ta yi wata 7 hankalinta a kwance. Akwai mutanen da labarin ke karya su tun kafin cutar ta karya su. Babban ɗa yana ɗauke da abin da ƙanne ba sa gani, duk abin da ya faru shi za a tambaya.

Likita ƙarami

Yallaɓai Babban wa, abin da kuka yi daidai ne, saboda Hajiya ce ta zaɓa da bakinta. Bambancin ke nan da na Baba, shi ba a tambaye shi ba.

Mu likitoci ma mun daɗe muna wannan jayayyar. A 1961 Donald Oken ya tambayi likitoci a Amurka, kashi 90 cikin 100 suka ce ba sa gaya wa mai kansa sunan cutarsa. Da aka maimaita tambayoyin a 1979, kashi 97 suka ce sun fi son su faɗa. Amma faɗin sunan cuta daban, mutum ya gane inda ta dosa daban. Wani bincike na 2012, shi ma a Amurka, ya gano kashi 81 na masu kansar hanji da ta bazu, da kashi 69 na masu ta huhu, ba su fahimci cewa kemon da ake ba su ba zai warkar da su ba. Laifin har da namu. Ni kaina na sha fita daga ɗaki na san na yi ta maganar magani na gaba ne don ya fi mini sauƙin faɗa a kan abin da hoton ya nuna.

Auta, ba sai kin sauke masa komai ba. Ki tambaye shi yadda yake ganin jikinsa, ki yi shiru ki saurara. Sannan ki tambaye shi ko yana son jin abin da likita ya ce, ko ya fi so ku riƙe. Shi kuma likita ku tambaye shi ƙarara: cikin mutum goma irin Baba da aka ba wannan magani, nawa ya yi wa aiki, kuma na tsawon wane lokaci?

Mijin marigayiya

Ki tafi da Yayan in za ki tambaye shi. Kada ya ji daga baya.

Autar Baba

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya abin da kuka rubuta. Ya daɗe bai ce komai ba a kan na mijin marigayiya, sannan ya ce mu shiga tare.

Ban ma gama tambayar ba Baba ya ce ya sani. Ya ce tun ranar da muka fito daga wurin likita muka kasa haɗa ido da shi ya gane, ya yi shiru ne don ya ga muna so ya yi shiru. Ya ce akwai amanar mutane biyu a hannunsa da yake so ya mayar da kansa, akwai kuma ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa magana, yana so a kira shi. Yaya ya fita waje ya yi kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Anti mai jinyar kanta, na tambaya, an yi gwajin tun bara, ba a samu alamar ba. Baba ya ce ba ya son kemo na uku a yanzu, in ya ji ƙarfi nan da wata ɗaya a sake zama da likita. Yaya bai gamsu duka ba amma ya ce maganar Baba ce. An fara mofin shekaranjiya, jiya ya yi barcin awa biyar a jere, rabonsa da haka tun kafin kemo na biyu. Inna, yau da rana ya yi ta gyangyaɗi yana cikin magana, ina lissafin kwana ukun da kika ce. Ƙanin nasa ya ce yana hanya gobe.