Wai dole sai ram biyu 'yan kwali ɗaya ne ke yin duwal chanel?

Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Ina da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 8GB DDR4 a kwamfutata, jiya na ƙaro wani 8GB ɗin, Windows ta nuna 16GB cif amma da na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, wajen Memory sai na ga Single, wato layi ɗaya. Wani abokina ya ce wai laifina ne tunda ba kamfani ɗaya ba ne, duwal chanel, wato ram biyu su yi aiki a layi biyu lokaci guda, ba ya tashi sai tagwayen da aka sayar a kwali ɗaya. Haka ne, ko dai in mayar da shi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Gaskiya abokinka ya faɗa maka. Na daɗe ina haɗa inji, duk wanda ya gauraya ram sai ya dawo yana kuka. Mayar kawai ka nemo tagwaye ka huta.

Maryam: Malam a yi min afuwa amma ban yarda ba. Kwamfuta ba ta karanta takardar da aka manna a jikin ram, ita dai ta ga DDR4 ne dukkansu, kuma kowanne yana layinsa. Sadiq kafin ka mayar, ramukan ram nawa ne a madabod ɗinka, wato babban allon cikin kwamfutar, a wanne da wanne ka saka?

Sadiq: Huɗu ne. Na saka a biyun farko da ke kusa da firosesa, manne da juna, na ga kamar haka ya fi tsari.

Maryam: To ai ga ɓarawon nan. A yawancin madabod mai rami huɗu jerin A1, A2, B1, B2 ne in ka fara ƙirga daga firosesa, wato biyun farkon nan duk layin A ne, ka tara su a hanya ɗaya ka bar layin B ba kowa, ko tagwayen da Malam ke faɗa ka saka a haka Single za ka gani wallahi. Mayar da su na biyu da na huɗu, A2 da B2. Duba littafin madabod ɗin, zanen yana ciki, wasu ma a jikin allon suke rubutawa.

Malam Habu: Batun rami na yarda, wannan kuskuren yara ne. Amma maganata tana nan, in gudunsu ya bambanta fa?

Auwal: In ya bambanta sai su sauko su bi mai rauni, 3200 da 2666 duk su koma 2666, amma layi biyun na nan. Kai ko girma ma ya bambanta ba lallai a rasa ba. Intel na da abin da suke kira Flex Mode, in ka haɗa 8GB da 4GB, huɗu daga nan da huɗu daga can su yi aiki a layi biyu, ragowar huɗun ta tafi ita kaɗai. Laftof da yawa a haka suke, ɗaya a like a allo ɗaya a rami.

Sadiq: Jama'a na canza, yanzu kuma abin ya ƙara lalacewa. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Da na kashe na sake kunnawa ta tashi, amma Task Manager na cewa wai kusan 8GB hardware reserved ne, wato an ware shi Windows ba ta taɓa shi, rabi kawai nake amfani da shi.

Malam Habu: Ba na faɗa ba?

Maryam: Malam tsaya tukuna kar ka yi guɗa. Sadiq cire wuta, ka ɗau ram ɗaya kacal ka gwada shi a A2, ka kunna, sannan shi ɗin dai a B2. Ka maimaita da ɗayan. In kowanne ya tashi a A2 ya ƙi a B2, to ba ram ba ne, layin B ne ke da matsala. Kuma ka danna sosai har makullin ya yi ƙas da kansa, ramukan da ke da makulli gefe ɗaya suna yaudara, sai ka ga kamar ya zauna alhali ƙasan a ɗage yake.

Auwal: In layin B ne gaba ɗaya ya mutu ka leƙa ƙarƙashin firosesa. Mutane na mantawa mai sarrafa ram a cikin firosesa yake yanzu, AMD tun Athlon 64 a 2003, Intel tun Core i7 na farko a 2008, don haka fil ɗaya ya lanƙwashe a soket ya isa ya kashe layi sukutum. Ni ya taɓa faruwa da ni, kwana biyu ina zargin ram har na gwada shi da manhajar MemTest86, ashe abin sanyaya firosesa na ɗaure da ƙarfi gefe ɗaya, ina sassauta sukurorin na sake ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan shi ke nan layi ya dawo.

Jamilu: Ni duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba, 16GB ai 16GB ne.

Auwal: A'a Jamilu. DDR4 mai 3200 layi ɗaya 25.6GB yake iya turawa a sakan, biyu 51.2 a lissafi. Mai rubutu a Word ba zai ji komai ba, amma wanda ba shi da katin girafik daban, firosesa ke cin ram wajen hoto, a gem zai ga bambanci da idonsa. Af, masu DDR5 kar CPU-Z ya ruɗe ku, ram ɗaya ma yana nuna 2 x 32-bit, yawanci 4 x 32-bit ne alamar duwal na gaske.

Sadiq: Alhamdulillah! Anti Maryam ke ce da gaskiya, na B2 bai gama shiga ba, ƙasansa a ɗage yake, na danna ya yi ƙas. Yanzu Dual, 16GB duka. Sai dai da na kunna XMP, saitin ƙara wa ram gudu, a bayos, wato shafin saitin madabod, ta ƙi tashi sai da na cire batirin CMOS, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin, yanzu a 2666 nake.

Malam Habu: Yauwa, nan nake jiranku. Da tagwaye ne da yanzu yana 3200 ba ciwon kai, don tare aka gwada su a wannan gudun.

Maryam: Wannan na ba ka Malam, amma ai ba shi aka tambaya ba, cewa aka yi duwal ba ya tashi, ga shi ya tashi. Sadiq gudun sabon nawa ne, me aka rubuta a jikinsa?

Sadiq: 2666.