Elmina ko Cape Coast? Zan kai Hajiya, yini ɗaya kacal gare mu

Maman Sadik: Salamu alaikum. Surukata ta zo biki daga Kano, jirginta Laraba, ta kafe sai ta ga gidan nan na bakin teku da Turawa suka tsare bayi a ciki. Talata kaɗai ta rage mana. Ta haura saba'in, gwiwarta ba ta shiri da matakala. Daga Nima za mu tashi, nan Accra, Ghana. Elmina ko Cape Coast? Ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya?

Ɗan Sabon Zongo: Ku yi duka biyun, tsakaninsu bai kai tafiyar rabin awa ba. Ku haɗa da gandun dajin Kakum, Hajiya ta hau gadar igiya ta saman itatuwa.

Maman Sadik: Gadar igiya? So kake dangin miji su tsine mini?

Malam Tijjani: Elmina za ku je. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, har Sarkin Asante Prempeh an tsare a ciki a 1896. Ginin yana kan tsiri, teku a gefe, ruwan Benya a gefe. Ki tsaya da ita a tsakar gidan mata, ta ɗaga kai ta ga barandar da gwamna yake leƙowa ya zaɓi wadda za a hau masa da ita. Ɗalibaina masu surutu ma nan suke yin tsit.

Hajiya Ladi Aboabo: Ni kam ko sunan tafiyar nan ba na son ji. Ƙungiyarmu ta mata muka yi karo-karo muka danƙa wa wani mai shirya yawon buɗe ido, ya rantse mota mai sanyi ce, da abinci, da kuɗin shiga. Asuba ta yi sai ga wata kwarababbiya, kujerar baya ma benci ne. Kafin Assin Fosu ta fara hayaƙi. Muka yini a bakin hanya, direba ya tafi neman makanike bai dawo ba sai bayan la'asar. Da muka isa Elmina an rufe ƙofa. Abin da muka gani: bango fari da jiragen masunta. Shi kuwa mutumin ya kashe waya, har yau.

Baba Sule Direba: Allah ya isar muku, Hajiya. Amma ko kaza ba a saye a cikin buhu, balle mota.

Hajiya Ladi Aboabo: Baba, ɗan unguwa ne fa, uwarsa tana cikin motar! Ita ta fi kowa zaginsa.

Anti Rabi: Mu ma haka aka yi mana a tafiyar Kintampo. A daina ba da kuɗi gaba ɗaya, rabi kafin tashi, rabi in an dawo.

Maman Sadik: Allah ya mayar da alheri. To maganar matakalar fa? Kuma nawa ake shiga?

Ɗan Sabon Zongo: Sidi 5 na biya.

Anti Rabi: Wane zamani? Baƙona ɗan Najeriya 40 ya biya.

Usman Takoradi: 80 aka karɓa wurin abokina daga Yamai. Kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi daban. Ki riƙe katinki na ɗan ƙasa, ita ta riƙe fasfo.

Ɗan Sabon Zongo: A ɗaura wa Hajiya kente ta yi shiru, a ce bebiya ce daga Tamale.

Usman Takoradi: Wanda rabonsa da wurin tun yana firamare ya bar masu bin hanyar su yi magana. Anti, kurkukun maza da na mata da ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi duk a ƙasa suke. Ɗakunan gwamna ne a sama, ta zauna a inuwa ku hau. Sai dai hanyar ƙofar nan sai an sunkuya, ga duhu, ga wani wari mai nauyi da ya kama bangon, a riƙe mata hannu. Samarin bakin ƙofa kuma in sun tambayi sunanki ki yi murmushi ki wuce, in ba haka ba kina fitowa za ki tarar an rubuta shi a jikin ƙwanson teku ana jiran kuɗi.

Malam Tijjani: Bin hanya ba shi ne sani ba. Na kai ɗaliban ajin ƙarshe wurin shekara da shekaru.

Usman Takoradi: Malam, ɗalibanka ba su da ciwon gwiwa.

Baba Sule Direba: Ku bar Nima kafin kiran sallah, in ba haka ba cunkoson motocin Kasoa ya cinye muku safiya. Ku ɗauki shata, kada ki sa tsohuwa a trotro, ƙaramar bas ɗin haya. Talata kuma masunta ba sa fita, jiragen duk suna jere a ƙarƙashin gadar Benya, kallo ya yi kyau amma ɗanyen kifi sai sa'a. Ki sayi dokono, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a Yamoransa.

Anti Rabi: Wannan maganar kati ita ke ci mini rai. A Nima aka haifi kakana, amma na je wani ofishi, ana jin Rabi Garba sai aka ce in kawo shaidar garinmu na asali.

Malam Tijjani: Tsohon ciwo ne. Tun korar baƙi ta firaminista Busia a 1969 ɗan zongo yake amsa wannan tambayar, alhali sojan Hausa suna cikin rundunar Ingila da ta shiga Kumasi da yaƙi a 1874.

Usman Takoradi: Malam, wannan kada ka faɗe shi da ƙarfi a Kumasi.

Hajiya Ladi Aboabo: Ɗana sau nawa yana komawa kan fasfo, kullum sai a ce ya kawo wani dattijo ya tsaya masa.

Maman Sadik: Jama'a, shatar nawa ce zuwa da dawowa?

Ɗan Sabon Zongo: Hajiya Ladi, wane dattijon suka karɓa daga ƙarshe? Ƙanena ma yana kan layi.