Tabon reza a hannun ɗaliba: me za a tambaye ta?

Malama, Aboabo (Kumasi, Gana):
Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya. Idan malami ya hango tabon yanka a hannun ɗaliba 'yar shekara 15, kullum tana jan hijabi tana rufewa, ta ina zai fara? A unguwa wasu su ce aljanu, wasu su ce neman a kula ta ne. Tsorona kada ambaton mutuwa ya sa mata tunanin kashe kanta.

Nas, sashen masu taɓin hankali:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki cire wannan tsoron, tambaya ba ta sa wa yaro tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake samu. Ki keɓe da ita, ba gaban 'yan aji ba. Ki fara da barci, cin abinci da zaman gida, sannan ki fito fili: "Kin taɓa jin da ma ki kwanta kada ki farka?" Sai kuma: "Kin yi tunanin kashe kanki?" In ta ce i, ki ji ko ta tsara yadda za ta yi, ko abin da za ta yi amfani da shi yana hannunta, ko ta sa rana, ko ta taɓa gwadawa. Wannan na ƙarshe ya fi duka nauyi. Ma'aunin haɗari na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne tunani ko shiri cikin wata guda da ya wuce, ko cutar da kai cikin shekara guda. Ba duk mai yanka hannu ke nufin mutuwa ba, amma haɗarinta ya fi na sa'o'inta. Kuma don Allah kada ki yi mata alkawarin rufe sirri. Ki ce: "Zan gaya wa babba ɗaya, ke za ki zaɓa."

Likita, Asawase:
In akwai shiri kuma abin yana kusa, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya. A kira lambar gaggawa 112 ko a kai ta asibitin Komfo Anokye a ranar. A gida a kulle ƙwayoyi, maganin ɓera da na ƙwari. In har ta riga ta sha wani abu, kada a ɗura mata manja don ta yi amai, yakan shiga huhu. A tafi da kwalbar asibiti. Paracetamol kuwa yana da yaudara: yarinya za ta tashi garau ranar farko, hanta na lalacewa a ɓoye.

Hajiya, mai aikin jin daɗin jama'a:
Iyaye na ɓoyewa don tsoron 'yan sanda, alhali tun 2023 majalisar Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga laifuka. A riƙa faɗa musu. Addu'a a yi, amma tare da asibiti. A sa ido sosai lokacin sakamakon jarrabawar BECE da WASSCE, ko in hotonta ya yaɗu a WhatsApp. Yaron da ya daɗe cikin ƙunci ya wayi gari shiru, yana rabar da kayansa yana neman gafara, kada a ɗauka ya warke. Makonnin farko bayan sallama daga asibiti ma a riƙa duba shi kowane mako.