Rangwamen da Ake Nema ta Gidan Waya a Amurka

Mun tattauna kan rangwamen da mutum yake biyan cikakken kuɗin kaya, sannan ya aika shaidar saye ta gidan waya a maido masa da wani kaso. Ga abin da na tsinta daga tattaunawarmu:

1. An yi ittifaƙi: a adana rasit na asali, a yanko lambar UPC (layukan nan da ake sikanin su wajen biyan kuɗi) daga jikin kwali kafin yara su yaga shi, a ɗauki hoton komai kafin a liƙa kan sarki.
2. A aika da wuri. In wa'adi ya wuce, kuɗin sun tafi.
3. Jira yakan kai mako 6 zuwa 8.
4. Ra'ayi ya rabu kan rangwamen kashi 11 cikin ɗari na Menards, shagunan sayar da kayan gini da gyaran gida, domin takardar sayayya suke turowa, a shagonsu kaɗai take aiki. Masu gyaran gida sun ce riba ce, wasu sun ce tana jawo sayen abin da ba a buƙata. Ni dai na fi karkata ga na biyun.