Kasafin kuɗin birnin Tahoua: ta yaya aikin kanibo (magudanar ruwa) ke shiga, kuma me ke hana shi fita?

Malam Isufu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwamitin unguwarmu yana son a saka ginin kanibo mai tsawon mita 400 cikin kasafin kuɗin baɗi, tare da kwangilar yashe shi da kwashe shara. Wace ƙofa ake bi, kuma a wane lokaci? Na biyu, me ya sa ake ganin aiki a rubuce cikin kasafi amma shekara ta ƙare ba a sa ko bulo ɗaya ba, alhali albashi da gazuwal ba sa tsayawa? Masu sani ku taimaka.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Kasafin ma'aikatar magajin gari kashi biyu ne: kuɗin tafiyar da aiki na yau da kullum, da kuɗin ayyukan raya gari. Kanibonku yana cikin na biyu. Yasa da kwashe shara suna cikin na farko, don hidima ce da ake maimaitawa kowace shekara. Saboda haka buƙata biyu za ku rubuta, kada ku haɗe su.

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ce a ware aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a zuba cikin ayyukan raya gari. A takarda ana iya cika wannan sharaɗi. Matsalar tana wajen tarawa. Misali, a ce an yi hasashen miliyan 100 na sefa daga harajin kasuwa, tasha, fatanti (harajin sana'a) da sauransu, sai aka tara miliyan 60. Albashi, wutar lantarki ta kamfanin NIGELEC da man motoci ba sa jira, su ake fara biya, kaniboci su sami abin da ya rage. Shi ya sa kafin ku yi murna da adadin da aka rubuta, ku nemi rahoton yadda aka kashe kasafin bara, ku dubi abin da ya shiga baitulmali da gaske. Gwargwadonsa za ku auna alkawarin baɗi.

Game da ƙofa: aikin ya kasance cikin tsarin raya gari na shekaru, wato PDC, sannan ya shiga jerin ayyukan shekara. Shekarar kasafi tana farawa ran 1 ga Janairu, ana shirya ta a watannin ƙarshen shekara, don haka takardarku ta isa tun damina ba ta ɗauke ba. Tahoua tana da gundumomi 2. Ku fara da taku, ku biyo ta hannun mai unguwa. Tun da aka rushe majalisu a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, wurin kantoma da sashen fasaha ake kai buƙata, kuma kasafin birni sai ya bi ta ofishin gwamna kafin a fara aiki da shi.

Injiniya Abdu:
Hajiya ta gama da takarda, bari in shiga rami. Malam, kada ku je da "mita 400" kawai. Abu na farko shi ne awon gangara da sanin inda ruwan zai fita. Kanibon da ba shi da mafita tafki ne aka gina wa sauro, kuma wannan kuskure ya fi kowane tsada, don gyaransa sai an fasa.

A takardar ƙiyasi ku duba faɗi da zurfi, ko a rufe ne ko a buɗe, da yawan wuraren tsallakawa na motoci da amalanke. Kankare mai ƙarfe ana zuba masa kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 na kilo 50. Idan ɗan kwangila ya koma buhu 5, ido ba ya gani ranar zubi, sai damina ta biyu bango ya tsage, marfi ya karye ƙarƙashin kamyo. Rairayi mai laka da rashin shayar da kankare a makon farko suna yin irin wannan ɓarna, balle da zafin Tahoua. Ku tambaya kuma ko adadin ya haɗa da harajin TVA (wanda ake ɗorawa kan kaya da ayyuka) na kashi 19 cikin 100 da kuɗin mai sa ido. In an manta su, aikin yana tsayawa a tsakiya ana jiran ƙarin kwangila.

Lokaci ma yana kashe aiki. In aka buɗe neman ƴan kwangila a Afrilu, haƙa zai faɗo cikin Yuli, rami ya cika ya zabtare. A fitar da sanarwa tun Janairu. Bayan an gama ana karɓar aikin na wucin gadi, a riƙe abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin ba har zuwa karɓar ƙarshe, galibi bayan shekara guda. Kwamitinku ya rubuta duk tsagar da ya gani cikin wannan tsakani, da hoto.

Alhaji Mamman:
Ni kan kwangilar shara zan tsaya. In aka rubuta "tsabtace unguwa" a dunƙule da kuɗin wata, babu abin da za a kama ɗan kwangila da shi. A rubuta wuraren jibji ɗaya bayan ɗaya, sau nawa a mako, girman mota, da inda za a zubar. A sa mai ƙirga sawu da littafi, mai unguwa ya sa hannu kafin a biya. Yasar kanibo kuwa a Mayu ya kamata ta ƙare, kuma a rubuta cewa kwashe lakar da aka fiddo yana cikin aikin, da wa'adin kwana 2. In aka bar ta a bakin kanibo, ruwan farko zai mayar da ita ciki.

A yi wa ɗan kwangila adalci shi ma: wanda aka riƙe wa kuɗi wata huɗu ba zai sayi gazuwal ba, sai ya rage sawu.

Hajiya Rabi:
Gaskiya ne Alhaji. Ƙari ɗaya, Malam Isufu: ku tambayi daga ina kuɗin ginin zai fito. In daga aljihun birni ne, yana rataye da haraji. In tallafi ne ta hanyar ANFICT, wato hukumar ƙasa mai samar wa ƙananan hukumomi kuɗi, ko wani shiri na abokan hulɗa, sau da yawa ana neman birni ya fara zuba nasa kaso, kuma rashin wannan kaso kaɗai yana iya hana a saki kuɗin. Ku tabbata an rubuta shi a layinsa daban cikin kasafin.