Harajin gida a garin jami'a: abin da ya wakana a zaure

Baƙon Amurka: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi yau raina a ɓace yake. Takardar harajin gidana ta iso, an sake ƙarawa. Garin da nake ɗan mitsitsi ne, jami'a ce ta cika shi. Ta mamaye filaye mafi tsada, amma doka ta yafe mata harajin kadara, wai ba don cin riba aka kafa ta ba. To 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, kwashe ƙanƙara daga titi, makarantun yara, wa ke biya? Mu masu ƙananan gidaje. Ɗalibai su ƙona girki da tsakar dare, motar kashe gobara ta fita, lissafin ya dawo kanmu. Wannan ba zalunci ba ne?

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna Yallaɓai. "Gidana" ka ce? Gidan da kake biya wa kuɗi duk shekara, in ka ƙi a yi gwanjonsa? Ai haya kake yi, hukuma ce mai gidan.

Baƙon Amurka: Da gumina na saya. Takardun suna hannuna.

Malamin Islamiyya: Da guminka ko da bashin banki? Mun san yadda ake sayen gida a can, shekara 30 ana biyan kuɗin ruwa. Ɗan'uwa ka fara duba wannan kafin ka yi kukan haraji.

Baƙon Amurka: Malam, ban zo neman fatawa ba.

Lauyan Zaure: Masu dariya ku dakata. Ku ma naku ba naku ba ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, takardar mallakar da kuke taƙama da ita galibi ta shekara 99 ce. Harajin gidaje kuma yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma a tsarin mulkin 1999. Rashin karɓa bai sa ya zama babu ba.

Bazazzage: Gidanmu na gado ne, tun kafin a haifi wanda ya rubuta dokar. Gwamnan ya zo ya ɗauka mu gani.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya kyauta. Mutum ya zo da damuwarsa kun tasa shi gaba. Ƙanina, ni tambaya gare ni: jami'ar ba ta ba garin komai?

Baƙon Amurka: Na gode Hajiya. Irin waɗannan jami'o'in sukan ba da wani abu don ganin dama, a madadin haraji. Dubi Ithaca da ke jihar New York, gari mai mutum wajen 32,000. Jami'ar Cornell tana ba shi dala miliyan 1.6 a shekara, sai a 2023 bayan doguwar ja-in-ja aka mayar miliyan 4. Jami'ar da a lokacin take da asusun ajiya na kusan dala biliyan 10! Wannan ai kamar a ci sa ne a miƙo maka ƙafa.

Ɗan Boko: Amma a faɗi gaskiya. Cire jami'ar, wa zai san da Ithaca? Wa zai kama hayar ɗakunan, wa zai ci abinci a shagunan? Darajar gidanka ta tashi ne saboda ita, harajin kuma darajar yake bi. Ana ƙiyasta kuɗin gida, a ɗora kaso a kai. Ka so tsada, ka ƙi kuɗin tsada.

Baƙon Amurka: Darajar da ba zan gani ba sai na sayar? In na sayar in kwana a ina?

Bazazzage: Ka ji ko? Da bakinsa. Gidan da ba ka iya sayarwa, ba ka iya daina biya, a kira shi "gidana".

Bakano: Duk wannan wahala ce ta ƙasar da ba ta samu irin Abubakar Rimi ba. A 1979 ya soke haraji da jangali, talaka ya yi barci.

Bazazzage: Kai dai Bakano ba ka da kunya. Balarabe Musa fa? Shekara ɗaya suka hau, jam'iyya ɗaya, PRP, shi ma ya soke a Kaduna. Shi ne ma aka tsige a 1981.

Bakano: Wa ya fara sanarwa?

Bazazzage: Kawo shaida.

Bakano: Kakana ya faɗa min, kuma a gabansa aka yi.

Lauyan Zaure: Haraji na kan mutum ne, jangali na kan shanu, shi kuma bawan Allah kan gida yake magana. Kun haɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya.

Ɗan Boko: Sokewar ma me ta haifar? Ƙaramar hukuma ta zauna jiran kason Abuja. Sai da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Shi Baƙon Amurka aƙalla yana ganin titin da harajinsa ya gyara.

Bakano: Ka zagi Rimi kenan.

Ɗan Boko: A ina na ambaci sunansa?

Hajiya Mai Atamfa: Ni na tafi ɗora tuwo.

Baƙon Amurka: Jama'a, maganar jami'ar fa?

Mai Kula da Zaure: To, dare ya yi, ga abin da muka tattara. Ɗan'uwanmu na Amurka ya koka cewa gidan da yake ciki ba nasa ba ne. Zaure ya amince cewa harajin talaka zalunci ne, kuma marigayi Rimi ne ya fara gane haka, wasu suka biyo baya. Saura duk surutu ne. Na rufe sharhi, sai da safe daga nan Fagge.

Bazazzage ya fita daga zauren.