Me ya sa ruwa ke sauka a Zuru, mu a Kangiwa muna jira?

Manomin Kangiwa: Assalamu alaikum. Geron da na shuka bayan ruwan farko ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke, yanzu yabanya ta fara naɗe ganye. Kawuna da ke Zuru kuwa ya ce har sun gama noman farko. Jiha ɗaya fa muke! Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta watsa shi. Don Allah masana, me ke riƙe ruwan?

Malamin Argungu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ke ba da ruwa, amma ya sanya masa sanadi. Iska biyu ke ja-in-ja a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, ita ke kawo hunturu. Ɗayar daga tekun Atlantika take tasowa ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Da bazara ta teku ke tura ta hamada arewa sannu a hankali, sai a watan Agusta take kai maƙura. Zuru da Yawuri suna kudu, dole ta riga isa can.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, iskar teku tana iya isowa garinku amma ba ta yi kauri ba. Za ka ji gumi, ka ga gajimare, amma busasshiyar iska na samansa tana shanye shi. Ruwa mai ƙarfi yana can baya, ɗaruruwan kilomita kudu da inda iskokin suka haɗu. A farkon damina wannan iyaka takan matso ta koma, shi ya sa ruwan farko ke yaudarar manomi.

Dattijon Mafara: Malam, to farin 1973 da na 1984 fa? Na ga su da idona, shanu sun mutu ba adadi. Wannan ba jinkirin mako biyu ba ne.

Malamin Argungu: Gaskiya ne, Baba. A irin waɗannan shekarun iskar teku ce ke rauni damina guda. Masana sun danganta shi da zafin ruwan teku: idan kudancin Atlantika ya fi arewacinsa ɗumi, ruwa yakan tsaya wajen gaɓar teku, mu da Nijar mu rasa. Ƙanena, NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin farawar ruwa a kowane yanki. Ka nemi na ƙaramar hukumarku ta Arewa, kuma ka ajiye irin gero mai saurin nuna ko za a sake shuka.